Azumin da Na Yi Ta Jefo wa Dogo Ƙwallo Ta Taga

Azumin bana ai hutu ne. Ƙarfe shida ba ta gama cika ba an sha ruwa, ga sanyi ya hana mutum jin ƙishi. Amma jiya Hanan ta dawo daga makaranta ta zube a kan kujera, tana ce mini da Turancin nan nasu na Manchester da ake haɗiye rabin kalma, wai ita kam ta gama mutuwa. Na dube ta na yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar nan tana goye a bayana aka yi azumin da ya amsa sunansa a ƙasar nan, wanda ya faɗo tsakiyar bazararsu, shekara goma da ɗoriya ke nan. Na ce mata ta kira baffanta Nuhu ta tambaye shi, shi ya san azumi.

Nuhu ƙanin maigidana ne, autansu. Ni Dogo nake ce masa, don in zai shigo kicin sai ya sunkuya. Yau in ka je inda ake buga ƙwallon Ostareliya a arewacin Ingila ka ce Dogo, ba wanda zai tambaye ka wane Dogo. Turawan ma haka suke kiransa, a bakina suka ɗauka. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyarsu, har can Ostareliya wani gari ya gayyace shi ya buga musu kaka biyu. In ka ga yadda yake tashi sama ya ɗauke ƙwallo a bisa kawunan mutane, sai ka rantse da ita aka haife shi a hannu. To ni na san lokacin da duk ƙungiyar babu wanda ya kai shi rashin iyawa, kuma ba sharri nake masa ba, kocinsu da kansa ya faɗa.

Karatun digiri na biyu ya kawo shi, wata huɗu bayan rasuwar babansu. Muka ba shi ƙaramin ɗaki a gidanmu na Withington. Nuhun da na sani a Zariya, mai surutu, mai tsokana, wanda zai ce "matar Yaya, duba can" ya zare tsoka daga tukunya, ba shi ne ya sauka daga jirgi ba. Wannan daga jami'a sai ɗaki, daga ɗaki sai jami'a. In na tsokane shi ya yi ɗan murmushin ladabi ya wuce. Duk hunturun nan haka muka yi shi, ina kai masa abinci ƙofar ɗaki ina dawowa da rabi. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Da gari ya fara ɗumi, wani ɗan ajinsu, ɗan Ostareliya, ya ƙare wa tsawonsa kallo suna jiran bas a Oxford Road, ya ja shi filin atisayensu kusan da ƙarfi. Ranar ya dawo da taɓo har kunne, ya tsaya a ƙofar kicin yana ba ni labari yana ƙyalƙyala dariya. Na juya baya kamar ina duba miya, don kar ya ga idona.

Wasan, in ba ka taɓa gani ba, sai ka ɗauka faɗa ne ya kaure. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, in ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta yi tsalle ba. Babu gola, babu raga, sanduna huɗu ne a kowane ƙarshe. Ka bi da ita tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki shida, ta gefe maki ɗaya. Ana bugawa da ƙafa, ana riƙewa da hannu, ana kayar da mutum a tashi ba gaba. Babban abin shi ne, in aka bugo ta sama ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai hura usur, kowa ya ja baya, ka buga abinka a natse. Shi ya sa suke neman dogaye ido rufe.

Sai dai Dogo ɗan ƙwallon ƙafa ne tun yana ɗan mitsitsi. A filin unguwarsu taɓa ƙwallo da hannu abin kunya ne, wanda bai iya komai ba shi ake turawa gola. Don haka duk sanda ƙwallo ta taho daga sama, kansa ya san cafewa ake so, amma jikinsa sai ya maida hannuwa baya ya tara ƙirji, ko ya sa mata kai. Ita kuwa ba ta san wannan ladabin ba, ta doke shi da tsininta ta yi gaba. Kocinsu, wani mai jan gemu da nake kira Jan Gemu, ya yi bayani, ya yi zane a ƙasa, ya yi roƙo. Wasa shida Dogo yana kan benci, shi ke miƙa wa mutane ruwa.

A haka azumi ya same mu.

Ƙarfe biyu da rabi mun gama sahur. Daga nan ba ruwa ba ƙwaya sai tara da rabi ta gota, awa goma sha tara har da ɗoriya. Ka idar da tarawihi, ka ɗan kishingiɗa, agogo ya buga. Rana kuwa ba ta da niyyar tafiya. Ka yi azahar, ka yi la'asar, ka yi barci ka tashi, ka leƙa taga, tana nan tsaye. Ƙarfe tara na yamma yaran maƙwabta suna kan keke suna lasar aiskirim a ƙofar gida, kai kana zaune harshe ya manne da dasashi. In na ce wa mutanen gida ana zafi a Ingila dariya suke yi mini. Ba su san gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi ba, ga kafet ko'ina, ga taga da ba ta buɗuwa sai rabi, ba fanka ko ɗaya. Baban Hanan yakan dawo daga asibiti leɓensa fari fat, ya kwanta a kan tayil ɗin kicin, don nan ne kaɗai wuri mai sanyi a gidan.

Gerona ya ƙare tun kafin watan ya kama. Kunun oats nake damawa da tsamiyar shagon Indiyawa, Baban Hanan yana sha yana yabawa, ni kuwa na san kara yake yi mini. Ƙosai kuma ba mai surfe ba injin markaɗe, ni ce da hannuna da bilenda. In jiƙa wake, in murza, in tace, in sake murzawa, bawon nan ba ya ƙarewa, Hanan tana bayana tana jan ɗankwali.

Duk da haka Talata da Alhamis Dogo sai ya ɗauki jakarsa ya tafi atisaye da azumi a bakinsa. Ranar tara ga wata ya dawo ana saura minti ashirin a sha ruwa, leɓensa na sama ya tsage ya kumbura suntum. Ya sa wa ƙwallo kai, ita kuma ta zaɓi baki. Da aka kira salla a waya, da cokalin Hanan ya sha kunu.

Baban Hanan likitan ƙashi ne, kusan duk Asabar yana gyaran 'yan wasanni da aka kwaso daga fili. Ya bari aka yi magariba, sannan ya ce, "Nuhu, karatu ka zo yi ko dambe?"

"Motsa jiki ne kawai, Yaya."

"Motsa jiki a kan benci? Wasa shida ba ka taɓa ƙwallo ba sai da leɓe. Ga rubutun kammala digiri a gabanka, ga azumi. Inna amanarka ta ba ni, ba zan kira ta in ce mata ka karye a wasan da ba ka ma iya ba. Wasan Birmingham ɗin da ka riga ka yi musu alkawari, ka je ka cika. Daga shi ka kawo mini takalman."

Dogo bai yi musu ba, ba a yi musu da Yaya a gidansu. Ya ce, "To, Yaya," ya hau sama ya rufe ƙofa. Ƙarar ƙofar nan ta tsorata ni, don na san ta, duk hunturu ita nake ji. Na ce wa Baban Hanan wasan nan ne kaɗai ya fito da yaron nan daga ɗaki, in ka raba shi da shi can zai koma. Ya ce ya gama magana.

Kwana biyu bayan haka wata ɗaliba da ke Ardwick ta dawo daga gida da saƙon Inna. Zo ka ga murna. Surfaffen gero, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, tsamiya tamu ta gaske, kowanne a ƙulle cikin leda uku uku. Na zauna a tsakar falo ina shinshinawa, azumi ko ba azumi. Kicin ɗinmu ba ya ɗaukar wannan kaya, kuma daddawa in ta kwana a ƙasa har maƙwabta sai sun sani, don haka sai saman silin, inda muke ajiya. Na ƙwala wa Dogo kira. Ya hau, ya zauna a bakin ramin ya zuro ƙafafu, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa yana gaya wa Inna saƙo ya iso. Tsanin yana rawa, ga goyo, na ce ba zan hau ba.

Ya ce, "Jefo kawai."

Na jefa ƙullin kuka, ya ɗauke. Na jefa gero, ya ɗauke. Ko kallona ba ya yi, yana "e, Inna, wallahi, Inna." Ni ba gwanar jifa ba ce, gorar man gyaɗa ta kuɓuce mini ta yi gefe, na riga na runtse ido ina jiran ta fashe. Shiru. Na buɗe ido na ga dogon hannun nan ya miƙe ya tsinke ta a iska, ko ƙara babu.

Na jira ya sallami Inna, na ce, "Dogo, wannan hannun ina kake ajiye shi ranar wasa?"

Ya dubi hannun kamar na wani. "Wannan ai aiki ne, matar Yaya. Tubali ne."

Babansu magini ne, na ginin ƙasa. Baban Hanan makarantar kwana aka kai shi tun yana ƙarami, bai taɓa hawa katanga ba. Dogo kuwa duk hutu yana wajen gini tun yana shekara sha biyu. Yana zaune a saman nan, ƙafafu na lilo, ya ba ni labari. Da fari shi ke jefa tubali daga ƙasa, da ya tasa Baba ya hau da shi katanga ya zaunar da shi kusa da shi. Ya ce tubalin ƙasa in ka tare shi da hannu a sandare farfashewa yake, sai dai ka tarye shi tun yana sama, ka bi shi ka sauke. "In ka saki kuwa, Baba ya ce ka tuna akwai mutum a ƙasanka, a kansa zai sauka."

Tun da ya zo ƙasar nan ban ji ya ambaci Baba da bakinsa ba sai ranar. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi siffar tubalin. Ya kwatanta da hannu, mai ciki, mai tsini a kai. Na ce, "To kai ɗin nan, wannan ba ita ce ƙwallon taku ba? Sauko."

Daga ranar muka buɗe makaranta. Bayan la'asar, lokacin da yunwa ta fi cizo kuma agogo ya ƙi tafiya, sai in hau ɗakinmu na sama da Hanan a baya, in zura hannu ta rabin tagar nan in jefo ƙwallo bayan gida. Shi yana ƙasa tsakanin igiyar shanya da kwandunan shara. Na kafa doka, duk sanda ya tara ƙirji ko ya sa kai, kofi ɗaya na wake zai cire wa bawo. Ranar farko kofi tara. Ya zauna a bakin ƙofar kicin da roba a gabansa yana murza yana mita, wai an kawo injiniya Ingila an maida shi mai ƙosai. Na ce injiniyan da ƙwallo ta fasa wa baki. Muka ci ƙosai, muka ci alala, muka kai wa tsohuwar maƙwabciyarmu, firiza ta cika har ba ta rufuwa.

Ranar huɗu ruwa ya sauko, irin na Manchester, siriri mai naci. Wayyo daɗi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, iska mai sanyi ta shigo ta tagar ta bugi fuskata, na ji kamar na sha. Ban bar shi ya shigo ba. Ƙwallon ta yi santsi, ina jefowa yana ɗaga fuska sama, ina ce masa ya rufe baki kar ya karya azumi da ruwan Ingila. In ta taho sai in ce, "Akwai mutum a ƙasanka." Sai ka ga hannuwan sun tashi da kansu. Kofi biyar, kofi uku, wata rana ya koma shida ya ce gajiya ce. Sau ɗaya Baban Hanan ya dawo da wuri ya same mu, ya dube ni a taga, ya dubi ƙaninsa a ƙasa, ya girgiza kai ya shige. Ana gobe tafiya Birmingham na jefa sau arba'in, wake bai samu ko kofi ɗaya ba, ni na cire bawon ranar da kaina ina jin haushi ina jin daɗi.

Asabar ɗin ta zo da rana mai zafin gaske. Baban Hanan ya ce shi zai kai mu, ba don kallo ba, don in wani abu ya faru gara yana kusa. A hanya ya ce wa Dogo shi matafiyi ne, ya sha ruwa ya rama daga baya. Dogo ya ce in ya ji ba zai iya ba zai sha. Muka isa Birmingham. Filin ba inuwa ko ta sanda, ciyawa ta ƙone ta yi ja. Baban Hanan ya zauna a mota ya bar ƙofa a buɗe, ya ɗauko takardunsa. Ni na tsaya a bakin layi da goyo da lema.

Kashi huɗu ake raba wasan. Na farko Dogo yana benci, na biyu yana benci. Ina ta harar Jan Gemu, bai ma san ina yi ba. A na uku wani ɗan gabansu ya fito yana haki, zafi ya gama da shi, ba kowa a bencin sai Dogo. Jan Gemu ya dube shi kamar mai shirin shan magani, ya ce ya shiga. Abokansa suka juye masa gorar ruwa a ka.

Ƙwallon farko ta taho, Dogo ya maida hannuwa baya ya tara ƙirji. Ta doke shi ta faɗa hannun 'yan Birmingham. Na ji dariya daga ɓangarensu, na ji jinina ya hau. Ban san sanda na ɗaga murya ba, da Hausa, a gaban Turawa: "Dogo, wake yana jiranka!"

Ya waiwayo, na ga haƙoransa. Ba a yi minti biyu ba aka sake bugo wata, sama can, mutum uku suna jiranta a ƙasa. Ya taho da gudu ya tashi, hannuwan nan suka wuce kan kowa, ya tarye ta, ya bi ta ya sauke a ƙirji. Usur. Bencin su Dogo ya ɓarke da ihu, Jan Gemu ya kama kansa da hannu biyu. Ƙafa kuwa dama ba a koya wa Dogo ita. Ya ja baya ya buga, ta bi tsakanin dogayen sanduna. Na yi guɗa, wallahi na yi, da azumi da goyo da lema, Hanan ta farka ta fashe da kuka. Ya sake cafe ta biyu, ya cafe ta uku, Turawa suna ta "Dogo, Dogo." Ƙishin da ya dame ni tun safe ban san inda ya tafi ba.

Na juya in ga ko ana gani daga mota, sai na ga Baban Hanan a gefena. Ban san yaushe ya zo ba. Idonsa yana kan fili, a hankali ya ce, "Haka Baba yake miƙa hannu."

A kashi na huɗu, ana bin su Dogo maki biyar, saura 'yan mintoci, Dogo ya tashi tare da wani ƙato, ƙwallon ta daki kan yatsansa. Ya sauko ya durƙusa. Da ya taho bakin layi riƙe da hannun, na ga ɗan yatsan kusa da ƙarami ya karkace ya kalli wani wajen. Ga abin da Yaya ya faɗa, ga shi a gaban idonsa, ba sai an jira an koma gida ba. Dogo ma ya sani. Bai dubi yatsan ba, yayansa yake kallo, gumi da ruwa suna zuba daga haɓarsa.

Wata mai akwatin magani tana cewa sai dai asibiti, Baban Hanan ya ce mata shi likitan ƙashi ne. Ya kama hannun ya lallatsa tun daga tushe, yana tambaya nan da zafi, nan fa. Ya ce, "Gocewa ce, bai karye ba. Dubi matar yayanka." Dogo ya dube ni, na ji ƙas. Ya sa shi ya lanƙwasa ya miƙe, ya karɓi filasta ya ɗaure yatsan da na kusa da shi, zagaye uku, ya gutsure da haƙori. Dogo ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi.

"Me kake yi?"

"Yaya, ka ce daga wannan..."

"An tashi ne? Yatsa ɗaya ne, kana da tara. Koma."

Dogo ya tsaya kamar bai ji Hausa ba. Baban Hanan ya tura shi da tafin hannu a baya, ya ruga. Na dubi mutumin da ya yi shekaru yana gyaran ƙasusuwan mutane ko gezau, na ga ya kasa mayar da murfin filasta. Na karɓa na rufe masa.